Bayan Wata Shida: A Bar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki Ya Huta, Ko A Tashe Shi Tsaye?

A wani gida da ke cikin birnin Katsina, can wajen Rafindaɗi, an yi wata gardama da na tsinci kaina a tsakiyarta ba da son raina ba. Maigidan kawuna ne, tsohon ɗan kasuwa, wanda hawan jini ya kayar wata asuba yana shirin alwala. Ya yi makonni a asibiti, aka sallamo shi hannun hagu da ƙafar hagu sun saki. Sannu a hankali baki ya daidaita, hannu ya ɗan motsa, ƙafa ta soma ɗaukarsa idan an tallafe shi. Daga nan sauƙi ya tsaya cik. Shekara ta zagayo Kawu yana nan inda wata na biyar ya bar shi: in ya miƙe sai ya jibga nauyinsa duka a dama, in ya ɗaga ƙafa sai yatsu su ja ƙasa, in ya juya sai ya yi tangaɗi kamar wanda aka hankaɗa.

Ɗansa na biyu, wanda ya yi karatu a Kano, ya dage a mayar da shi sashen gashin ƙashi a koya masa atisayen tsayuwa da tafiya. Uwargida ta ce ba da ita ba. "Kai yaro," in ji ta, "mutumin da Allah ya tashi kafaɗunsa ya dawo mana da ransa, shi kake so a kai a karya? Sau biyu yana faɗuwa a hannuna, ni na san abin da na gani." Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wallahi zaman nan shi ke cinye Baba. Ki dubi cinyarsa ta hagu, ki dubi ta dama."

Duka biyun son Kawu suke yi, kuma kowannensu yana da abin da ya gani da idonsa. Wannan ya sa na ga ya dace a baje hujjojinsu a faifai, domin gardamar ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Ƙungiyar duniya ta masu yaƙi da bugun jini, cutar da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, wadda ke raya ranar 29 ga Oktoba kowace shekara, tana yawan tunatar da cewa mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da bugun jini a rayuwarsa. Wani babban bincike da likitocin Najeriya da Ghana suka yi, mai suna SIREN, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga cikinsa, ya fito a 2018 da sakamakon da bai ba kowa mamaki ba: hawan jini ne gaba da duk wani sanadi a yankinmu. Kowace unguwa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Sauri tana da dattijo ko dattijuwar da ke zaune a kan katifa, ana jiran abin da Allah zai yi.

Kafin a shiga hujjoji, yana da kyau a san abin da ke tsayar da mutum cak. Abu uku ke aika wa ƙwaƙwalwa labari a kowane lokaci: ido, da wani sashe na cikin kunne mai lura da karkatar kai, da jin tafin ƙafa da gaɓɓai. Ƙwaƙwalwa ta haɗa labaran, ta umarci tsokoki su gyara tsayuwa kafin mutum ya ankara. Bugun jini yana iya taɓa kowane mataki: tafin ƙafa ya daina jin ƙasa sosai, umarni ya iso a makare, tsokar da ke ɗaga yatsu ta raunana. Ga kuma tsoro, wanda ke sa mutum ya ƙage jikinsa, ƙagewar ta ƙara masa tangaɗi.

Hujjojin masu cewa a bar shi ya huta

Hujjarsu ta farko ita ce lokaci, kuma likitoci ba su musa ta ba. Mafi yawan sauƙin da jiki ke samu da kansa yana zuwa ne a watanni ukun farko, sannan ya riƙa raguwa. Idan aka wuce wata shida, masana suna kiran lalurar da wadda ta zauna. Masu wannan ra'ayi sai su ce, icen da aka bari ya bushe ba ya tanƙwaruwa. Me zai sa a wahalar da tsoho a kan abin da shekara guda ba ta kawo ba?

Ta biyu ita ce faɗuwa, kuma ita ce mai nauyi. A 1995 wasu masu bincike a garin Biradfod na Ingila sun bi sawun tsofaffin da aka sallama daga asibiti bayan bugun jini, suka tarar kashi 73 cikin 100 sun faɗi aƙalla sau ɗaya cikin wata shida. Can ke nan, inda ake da shimfiɗa mai laushi da ƙarfen dafawa a banɗaki. A gidajenmu fa? Tsakar gida siminti ne ko ƙasa mai tudu da kwari, ga dokin ƙofa a bakin kowane ɗaki, ga kwata mai santsi, ga duhu in wuta ta ɗauke. Ƙashin ɓarin da ya shanye yana yin sanyi saboda rashin ɗaukar nauyi, kuma ta wannan ɓarin mutum ya fi faɗuwa. Tsohon da ƙugunsa ya karye, sau da yawa daga wannan kwanciya ba ya sake tashi. Masu wannan ra'ayi suna da mafaka ko a wajen masana: wani nazari da ƙungiyar Cochrane ta sabunta a 2019 ya ce atisaye yana iya rage yawan faɗuwar da ake yi, amma bai tabbatar da cewa yana rage yawan mutanen da ke faɗuwa ba, kuma ya ce hujjar ba ta da ƙarfi sosai. Suna kuma iya kafa hujja da gwajin AVERT na 2015, wanda aka yi a kan mutum fiye da 2,000, inda aka ga cewa gaggawar tayar da majinyaci da yawan motsa shi cikin awa 24 na farko ta rage masa damar warkewa. Wannan ya shafi kwanakin farko ne kawai, amma ya isa nuna cewa motsa jiki ba alheri ba ne tsantsa a kowane hali.

Ta uku ita ce aljihu. Likitocin gashin ƙashi a jihar nan kaɗan ne, kuma a manyan asibitoci suka taru. Mai nema sai ya dosi Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda a da ake kira FMC, ko manyan asibitocin jiha irin su Babban Asibiti da Amadi Rimi da ke wajen Batagarawa. A lissafa: a ciccibo mara lafiya daga lungu zuwa bakin titi, a ɗauki shatar napep zuwa da dawowa, ɗa guda ya rufe shago ya bi layi, a biya kuɗin zama, a maimaita haka sau biyu ko uku a mako har watanni. Wanda ke zuwa daga Mashi ko Kaita ko Rimi nasa ya ninka. Gidan da ke fama da kuɗin maganin hawan jini na wata, in aka ce ya zaɓa, maganin zai zaɓa, kuma ya yi daidai.

Ta huɗu ita ce ƙanƙantar riba. Akwai wani ma'auni da wata masaniya 'yar Kanada, Katherine Berg, ta fitar a 1989, mai gwaji 14 da maki 56: tashi daga kujera, tsayuwa ido rufe, ɗauko abu daga ƙasa, juyawa, da makamantansu. Matsakaicin ƙarin da atisaye ke bayarwa ga wanda lalurarsa ta zauna bai wuce maki biyu da 'yan kai ba. Duk wannan jigila a kan maki biyu cikin 56?

Ta ƙarshe ba a faɗinta da ƙarfi, amma tana nan: mutunci. Dattijon da ya riƙe gida shekara arba'in, a tsayar da shi gaban jikoki ana ce masa ɗaga ƙafa, sauke ƙafa, kamar mai koyon tatata. Dattijuwa kuma ba ta son namijin da ba muharraminta ba ya riƙe mata ƙugu. Addini ma, in ji su, ya sauƙaƙa: wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ba ya iya zama ya yi a kishingiɗe. In Allah bai tilasta masa tsayuwa ba, wa zai tilasta masa?

Hujjojin masu cewa a tashe shi

Su kuma suna farawa da tambaya: sauƙin ne ya tsaya da kansa, ko kuwa mu muka tsayar da shi? A watannin farko kowa na ƙoƙari, ana zuwa asibiti, ana tattaka mara lafiya. Da an ga abin ya ja baya sai kowa ya koma harkarsa. Wani masani Ba'amurke, Edward Taub, ya nuna da gwaje-gwajensa cewa gaɓar da aka gwada amfani da ita aka sha wuya, ƙwaƙwalwa tana koyon yin watsi da ita, ko da akwai sauran ƙarfi a cikinta. In kuma aka tilasta amfani da ita, ƙarfin na iya farfaɗowa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa dawowa, amma na kusa da su suna iya koyon wani sashe na aikin idan aka yi ta maimaitawa. A 2016 masu bincike a garin Naimehen na ƙasar Holan sun tattara gwaje-gwaje 43 da aka yi a kan mutanen da duk sun wuce wata shida da bugun jini. Suka tarar atisaye yana ƙara daidaiton jiki, musamman atisayen tsayuwa, da na mayar da nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan, da na tafiya. Ashe icen bai gama bushewa ba.

Hujja ta biyu ita ce zama ma yana da nasa haɗari, sai dai shi ba ya yin ƙara irin ta faɗuwa, shi ya sa ba a jin tsoronsa. Tsoka tana zubewa, gwiwa da idon sawu suna ƙagewa, ciki yana ɗaurewa, gyambon kwanciya yana iya ɓullowa, sukari da hawan jini suna ƙara wuyar riƙewa, wanda ke nufin hanyar bugu na biyu tana buɗewa. Ga baƙin ciki: mutumin da ya saba da majalisa da kasuwa ya koma kallon rufi. Sannan wanda aka hana tashi da rana, ai dole ya tashi da dare in fitsari ya matse shi kuma yana jin nauyin tayar da kowa. A lokacin ne yake faɗuwa, shi kaɗai, cikin duhu, da ƙafar da ba ta saba ba. Faɗuwar Kawu biyu da Inna ta ambata, duka a hanyar banɗaki aka yi su.

Ta uku amsa ce ga masu kukan kuɗi. A 2011 an buga sakamakon wani gwaji a Amurka, LEAPS, mai mutum 408. Wasu aka horar da su a kan na'urar tafiya mai tsada wadda ke rataye mutum ta rage masa nauyi, wasu kuma aka koya musu atisayen ƙarfi da daidaito a cikin gidajensu. Bayan shekara guda, sakamakon ya zo kusan ɗaya, kusan rabin kowane rukuni sun samu ci gaba a tafiya. Kayan aikin da ake buƙata akwai su a kowane gida: kujera mai ƙwari, bango, dakali, da mutum guda mai haƙuri.

Ta huɗu, maki biyun da ake rainawa matsakaici ne, wasu sun samu fiye, wasu ba su samu komai ba. Kuma a rayuwar mai lalura ƙaramin abu babba ne. Nazarin na Holan ya nuna ƙarin kusan santimita uku a nisan da mutum zai iya miƙa hannu gaba yana tsaye ba tare da ya faɗi ba. Mai lafiya zai yi dariya. Wanda buta ke gabansa yana kallonta, sai ya jira jika ta dawo daga islamiyya, ba zai yi ba. Duk abin da mara lafiya ya koma yi da kansa, hutu ne ga bayan matar da ke ɗaga shi sau goma a yini. Batun mutunci ma suna juya shi: wanne ya fi zubar da girma, atisaye a gaban jika, ko a riƙa kai wa mutum fo ɗaki har ƙarshen ransa alhali da ya iya kai kansa? Rangwamen salla a zaune rahama ce ga wanda ya kasa, kuma addinin da ya ba da rangwamen shi ya yi umarni da neman magani, ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Ni kuma ga inda na tsaya

Da na auna, sai na ga Inna ta fi gaskiya a kan haɗari, ɗanta ya fi gaskiya a kan mafita. Amma akwai abubuwa uku da duk su biyun ba su ambata ba.

Na farko, masu kafa hujja da gwajin Amurka suna manta cewa atisayen gida da aka yi a can, ƙwararren likitan gashin ƙashi ne ke zuwa gidan, sau 36. Ba a miƙa wa iyali takarda aka ce su je su ƙarata ba. Don haka "a yi a gida" ba ya nufin kowa ya zama likita. Na ga gidan da ake jan mara lafiya ta hannun da ya shanye don a tayar da shi, har kafaɗa ta goce. Na ga inda aka gasa ƙafar da ba ta ji da ruwan zafi har fata ta saluɓe, mai ƙafar bai ce uffan ba don bai ji ba.

Na biyu, sunan da muka ba wannan sana'a yana ruɗar mu. Da an ce gashin ƙashi, sai mutum ya zaci zai kwanta ne a haska masa fitila mai ɗumi, a mulke shi da mai, ya tashi. Tausa tana da daɗi, tana sassauta jijiya, addu'a da tofi suna kwantar da zuciya, ba ni da ja a kan wannan. Sai dai tsayuwa koyonta ake yi, kuma ba a koyonta a kwance. Wanda ya je asibiti wata uku ana yi masa gashi kawai ya dawo ya ce bai ga amfani ba, bai gwada abin da muke muhawara a kansa ba tukuna.

Na uku, ma'aunin Berg an tsara shi ne don mutanen da ke rayuwa a kan kujera da gado. A cikin gwaje-gwajensa 14 babu tashi daga tabarma, babu tsugunno. Bahaushe kuwa a ƙasa yake cin tuwo, a tsugunne yake alwala da kewaya, goshinsa a ƙasa yake salla. Likitan da zai amfani Bakatsine sai ya fara da tambayarsa abin da ya fi kewar yi, ya gina atisayen a kai, ya kuma faɗa masa gaskiya in wani abin ba zai dawo ba.

Hukuncina shi ne a tashe shi, amma da sharaɗi. A fara kai shi likita ya auna jini da zuciya, likitan gashin ƙashi ya gwada tsayuwarsa ya tsara masa abin da ya dace da shi, ya koya wa mutum guda a gidan, mace ga mace in an fi son haka. Daga nan a koma asibiti jefi-jefi don dubawa da ƙara nauyin aiki, sauran a yi a gida kullum: tashi da zama daga kujera ƙafafu biyu suna raba nauyi, tsayuwa a jikin bango ana karkata dama da hagu, ɗora ƙafa a kan ƙaramin dakali da saukewa, tafiya a tsakar gida mai taimako yana tsaye ta ɓarin da ya raunana. A yi da safe ko da yamma, kada a yi cikin zafin bazara, kuma in jiri ko ciwon ƙirji ko haki mai tsanani ya zo, a dakata a nemi likita. Wanda ko zama ba ya iya yi shi kaɗai, nasa atisayen daga zama zai fara. A gyara gidan ma: a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, a sa kujerar alwala, a ajiye tocila kusa da shimfiɗa, a jefar da silifas mai santsi a sa takalmi mai kama dunduniya. Maganin hawan jini kuwa ba a fasa shi don komai.

Hujjar kuɗi ita ce iyali ba za su iya warwarewa su kaɗai ba. Jami'ar Ibadan ta soma ba da digirin wannan fanni tun 1966, Jami'ar Bayero ta daɗe tana yaye 'ya'yan Arewa a kansa, 'yan Katsina na cikinsu. Jiha mai ƙananan hukumomi 34 ta isa ta ɗauki waɗannan matasa aiki ta rarraba su, su riƙa zagaya asibitocin sha-ka-tafi a ranakun da aka sani, suna koya wa ma'aikatan lafiya na unguwa da iyalai. Masu hali da ke gina masallatai su tuna da ƙarfen dafawa a bakin matakala da 'yan kujeru a gefen sahu.

Kawu dai a ƙarshe an yi sulhu: Inna ta yarda bisa sharaɗin ita za ta riƙa tsayawa a kai. Wata biyar aka yi ana fama, ya faɗi sau ɗaya a kan katifa, ya yi fushi ya fi a ƙirga. Hannunsa na hagu har yau bai dawo ba, kuma ba ya iya tsugunno. Amma yana kai kansa banɗaki, kuma Azahar da La'asar yana dogara sandarsa zuwa masallacin unguwa, ya yi salla a kan kujera a ƙarshen sahu. Magariba da Isha a gida yake yi, don Inna ta ce ba ta yarda da duhun lungu ba, kuma a nan ita ke da gaskiya.

Mai karatu, in akwai irin Kawu a gidanku, kada ka ce shekara ta wuce. Ka kai shi a auna shi a wannan makon, ka tambayi likita abin da za ku riƙa yi a gida, ka kuma zaɓi wanda zai tsaya a gefensa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.